Goyo a Baya, Alli a Hannu

Wasiƙar wannan makon daga wata 'yar'uwa ce a Agege. Na taƙaita ta, na kuma cire abin da zai sa a gane ta.

"Assalamu alaikum Hajiya. Ni 'yar Funtuwa ce, aure ya kawo ni Legas. Maigidana yana harkar albasa a kasuwar Mile 12, tun kafin gari ya waye yake fita, sai bayan Isha'i yake shigowa. Yaranmu biyu, ta farin shekararta 5, sai jariri namiji mai wata 4. Da tana zuwa wata makarantar kuɗi, amma da na je gida wankan jego na tafi da ita. Kafin mu dawo an ƙara kuɗin makarantar, kuɗin Keken da ke kai ta ma ya fi ƙarfinmu. Tun da ina da NCE, sai muka yi shawara in riƙa koya mata a gida. Na sayi littattafai, na rubuta jadawali daga ƙarfe 8 zuwa 1 na manna a bango. Hajiya, har yau ban taɓa cika shi ba. Da mun zauna sai yaron ya fara kuka, in na ɗauke shi sai ita ta yi jifa da fensir. Ta koma fitsarin kwance, rannan ma na kama ta tana mintsininsa. Ina yi mata tsawa, wani lokaci har in kai mata hannu, daga baya in zauna in yi ta kuka. Maigida ya ce a ɗauko mana yarinya daga ƙauye ta riƙa raino. Ina ganin matan Turawa a waya suna koyar da yara uku huɗu a gida, komai tsaf. Ni ce na gaza, ko mene ne ba na yi daidai?"

Wa alaikumus salam, 'yata. Barka da arziki. Allah ya raya, ya ba ki lafiyar shayarwa.

Kafin ki gama karanta amsar nan, tashi ki ɓamɓare takardar nan daga bango. Ba ke kika gaza ba, jadawalin ne ba na ɗakinki ba. Na daɗe ina koyarwa a firamare, na san inda awa biyar ɗin makaranta take tafiya: jerin safe, kiran suna, rabon littattafai, feƙe fensir, wannan zai je bayi, wancan an ci masa abinci, tashin tara, duba aikin yara arba'in ko fiye ɗaya bayan ɗaya. Abin da ke isa ga yaro guda na ainihin koyarwa, ido da ido, bai taka kara ya karya ba. Ke kuwa ɗaliba ɗaya gare ki, tana zaune a gabanki. Minti 15 na karatu, kamar minti 10 na lissafi, ɗan rubutu kaɗan, ya wadaci mai shekara 5 a yini, kuma ba a zama ɗaya ba. In kika tsare wannan kwana biyar a mako, ba za ta zama a baya ba ranar da ta koma aji. Abin da ke raya karatun ƙaramin yaro shi ne a yi kullum, ko da kaɗan ne.

Amma ba karatun ne ya fi tsaya mini a rai ba a wasiƙarki. Fitsarin kwancen nan da mintsinin nan su ne.

Ki duba abin ta idon yarinyar. Cikin 'yan watanni an raba ta da ajinta da ƙawayenta, an kai ta Funtuwa inda ta yi ta shawagi tsakanin kakanni da gwaggonni, kowa na jan ta, an dawo da ita ɗaki a Agege. Bayan da take hawa wani ya hau, cinyar da take zama wani ya kwanta. Lokacin da ya rage mata tare da ke shi ne na "zauna", "rubuta", "ba haka ba". Shi kuwa da ya ce "inya" kin bar ta kin tafi. Jifa da fensir ɗin nan ba ƙin karatu ba ne, kiranki take yi da abin da ke hannunta. Komawa fitsarin kwance, maganar jarirai, neman a goya su, duk abubuwa ne da yara kan yi in an yi musu ƙane, kuma suna wucewa in hankalin yaro ya kwanta. Duka da gori ƙara su suke yi. Ki shimfiɗa mata leda a ƙarƙashin zani, ki sa ta yi fitsari kafin ta kwanta, in ta kwana a bushe ki yaba, in ta jiƙa ki wanke ba surutu, kada kuma maƙwabta su ji. In kin ga tana kukan zafi wajen fitsari, ko tana yawan shan ruwa fiye da ƙima tana ramewa, wannan na asibiti ne.

Na lura ko a wasiƙa ba ki kama sunanta ba, 'yar fari ce. Ban ga laifinki ba, haka aka tashe mu. Sai dai alkunyar ɗan fari a gida tana da masu cike gurbi. Uwa ta kawar da kai, kaka ta jawo, gwaggo ta goya, kawu ya sayo alewa, yaro bai rasa komai ba. A Agege wa zai jawo ta in kin kawar da kai? Ki ci gaba da sakaya sunan in kina so, ki ce mata Yaya, ai yanzu ta zama. Amma rungumar da Kaka za ta yi mata ke ce za ki yi. Ki ware mata minti 10 kullum waɗanda ba na karatu ba, ba na aike ba. Ki ɗora ta a cinya, ki tsefe mata kai, ki bar ta ta zaɓi wasan da za ku yi. Wani lokaci in yaron ya ɗan yi ƙorafi, ba kukan yunwa ko na ciwo ba, ki ce da ƙarfi yadda za ta ji: "Ɗan dakata, ina tare da Yayarka." Shi bai san abin da kika ce ba, ita ta sani sarai. Ki ba ta aikin da zai sa ta ji yaron nata ne: miƙo tsumma, zaɓar masa riga, yi masa tawai. Amma kada ki bar su su biyu ki shiga wanka ko ki fita ɗebo ruwa, ba don muguwa ce ba, don mai shekara 5 ba ta san ƙarfin hannunta ba.

To, yaya ake karatun da jariri a hannu? Taura biyu ba ta taunuwa. In yana kuka, ki rufe littafin kawai, ki ce mata "za mu ci gaba in ya yi shiru", ki kuma cika alkawarin. Kada ki ɗaura darasi da agogo, ki ɗaura shi da barcin yaron. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jariri daga wata 4 zuwa 11 yana buƙatar barcin awa 12 zuwa 16 a yini da dare. Ki yi kwana uku kina lura, za ki ga akwai wani barci da yakan yi da hantsi bayan wanka da nono. Wannan barcin na karatun Yaya ne. Na san idonki zai kai kan wanke-wanke da tulin tsummoki, ki bar su, su ana iya yin su da goyo, haɗa baƙi kuwa yana son nutsuwarki. Da ya kwanta ku zauna, minti 15, ku tashi tun tana marmari.

Lokacin shayarwa kuma, wanda kike gani kamar yana cinye miki yini, shi ne ajin baka. Hannunki ɗaya yana riƙe da shi, bakinki da kunnenki babu abin da suke yi. Ta zauna a gefenki ta jingina, ta biya miki haddarta ta Islamiyya, ki yi mata "ga ta nan ga ta nanku", ki tsaya a tsakiyar tatsuniyar ki tambaye ta me take jin Gizo zai yi wa Ƙoƙi. Gobe ita ta ba ki labarin daga farko har ƙurunƙus. Kada ki raina wannan. Yaron da ya iya jero labari, ya san abin da ya fara faruwa da abin da ya biyo baya, ya tara kalmomi a kansa, shi ne wanda in ya fara karatu yake gane abin da yake karantawa. Ranar da yaron ya ƙi kwanciya sam, ki ɗaure shi da majanyi, ki tsaya. Ki sa kafinta ya yanko miki ɗan falanki a shafa baƙin fenti a jingina a bango daidai tsayinta, ki sayi kwalin alli. Kina jijjiga goyo, tana rubutu a tsaye. Yara da yawa sun fi son alli a kan fensir, don kuskure yana gogewa da hannu, ba ya barin tabo.

A kan karatun kansa ina da ra'ayi mai ƙarfi, kuma na san wasu iyaye a Legas ba za su so shi ba. Ki fara koya mata karatu da Hausa. Dalilina shi ne rubutun Hausa kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa, na Turanci kuwa harafi guda yana da murya biyu uku. Ki ajiye waƙar "ei, bi, si" tukuna, sunayen haruffa ne, ba su ne ake haɗawa a yi kalma ba. Ki fara da wasula biyar, a, e, i, o, u, da muryarsu. Sannan baƙi ɗaya ko biyu a mako, waɗanda za su ba ta kalma da wuri: b, m, k, d, n. Ba, be, bi, bo, bu. Ki yanka kwalin sabulu ko na taliya ƙanana-ƙanana, ki rubuta gaɓa ɗaya a kan kowanne, ki zube mata a tabarma. Ta ɗauki "ba" ta ajiye kusa da wani "ba", ta karanta a hankali, sai ki ga ta ɗago kai da sauri: "Baba!" Ranar da wannan ya faru ta gano sirrin karatu gaba ɗaya, sauran ƙari ne. Daga nan kaka, mama, nono, doki, gida, ruwa. Masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ, su zo daga baya, da kalmomin da ta sani kamar ɗaki da ƙofa. Wanda ya iya haɗa baƙi a harshen da yake mafarki da shi ba ya sake koyon haɗawa, sai dai ya koyi sababbin muryoyi. Zai taimake ta har a Yarbanci, don muryar wasulansu ta fi kusa da tamu a kan ta Turanci.

Turancin kuma ba barin sa za ki yi ba, ta kunne da baki zai fara shiga. Ki ware wani abu guda, misali lokacin wanka ko na cin abincin rana, ku riƙa yin sa da Turanci, gajerun jimloli, sunayen abubuwa, launuka. In kun fita, ta nemo miki haruffan da ta sani a jikin motocin haya na danfo da allunan shaguna. Kuma kada ki tsorata in kin ga tana juya b ta koma d, ko ta fara rubutu daga dama. Yarinyar da ke koyon alif da ba da yamma daga dama, da safe kuma boko daga hagu, dole hannunta ya ɗan rikice. Ki sa mata ɗigo a gefen da za ta fara, zai daidaita.

Lissafi ba ya buƙatar zama. Gidan mai albasa ne, kayan aiki sun samu. "Miƙo mini uku. Na yanka ɗaya, saura nawa?" Ta raba cokula, ta ƙirga matakalar bene, ta jera takalma daga ƙarami zuwa babba, ta san naira 50 biyu su ne 100 in kin aike ta gaban idonki. Ta taɓa abu da hannu tana ƙirgawa ya fi ta rera ɗaya zuwa ɗari ba ta san nawa ne bakwai ba. Ki dai kiyaye, nan da 'yan watanni ƙanenta zai fara rarrafe, komai ya samu baki zai kai. Wake, tsakuwa, murfin kwalba, guntun alli, duk a daina barin su a ƙasa, bokitin ruwa kuma a rufe.

Matan da kike gani a waya, minti ɗaya suka nuna miki daga cikin yininsu, bayan sun share inda kyamara za ta kama. Ki rage kallon su. Ita ma Yaya kada waya ta zama mai rainonta. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ce ɗan ƙasa da shekara ɗaya kada a ba shi kallo sam, mai shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a yini. Ta ɗan haura wannan shekarun, amma ki riƙe mata ma'aunin, ki adana shi don lokacin da kike kan wuta ba ki da yadda za ki yi.

Maganar ɗauko yarinya daga ƙauye, a nan ban goyi bayan maigida ba, ki faɗa masa cikin ladabi. Wadda za a kawo miki ba za ta wuce shekara 10 ko 12 ba, ita ma 'yar wani ce da ya kamata a ce tana aji. A cire ta daga karatu a kawo ta Legas ta yi goyo don taki ta yi karatu, wannan ba adalci ba ne, kuma ba na jin zuciyarki za ta natsu da shi. Dokar haƙƙin yara ta ƙasa ta 2003 ta hana sa yaro aikatau a gidan da ba na danginsa ba, Jihar Legas ma ta yi tata dokar a 2007. In akwai babbar mace a dangi da za ta zo ta yi muku wata biyu, marhabin. In babu, ki duba gidan da kike. Da wuya a rasa wata mai goyo ko wata dattijuwa a gidan haya na Agege, Bahaushiya ko Bayarabiya. Ki riƙe mata nata awa ɗaya yau, ta riƙe miki naki gobe. Ke mai NCE ce, wata za ta yi murna ta riƙe miki jariri in za ki haɗa ɗanta da Yaya a gaban allo, ita ma yarinyar ta samu abokin karatu.

Wannan ya kawo ni ga abin da ba za ki iya ba ta ba, komai ƙoƙarinki: yara. Tana buƙatar ta yi gudu, ta yi faɗa a raba, ta jira layi, ta ji maganar wani babba wanda ba ke ba. Kada ki fasa mata Islamiyya ko sau ɗaya don karatun gida, Agege ba ta rasa su ba. Bayan La'asar ki fito da tabarma baranda da jaririnki, ki bar ta ta shiga cikin yaran gida inda idonki ke kai. Za ta kwaso Yarbanci da buroka, kada ki hana. A nan take zaune, kuma tun 2018 doka ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantun jihar, na gwamnati da na kuɗi. Hausarta ba za ta ɓace ba muddin ita ake yi a ɗaki.

Yanzu ke. Kin ce kina kai mata hannu sannan ki zauna kuka. Dukan ki daina shi, musamman a kan karatu, don yarinyar da ta haɗa littafi da mari a ranta za ta daɗe tana gudun littafi. In kin ji abin yana taso miki, ki yi a'uziyya, ki yi shiru, in a tsaye kike ki zauna, kamar yadda Annabi (SAW) ya koyar. Ki kwantar da yaron rigingine a wuri mai aminci, ki fita ƙofa ki sha iska. Kada ki taɓa girgiza jariri cikin fushi, yana iya yi wa ƙwaƙwalwarsa illa. In kin huce ki jawo ta ki ce ta yi haƙuri, ba zai rage miki girma ba. Mai shayar da nono zalla, kamar yadda ake so har wata 6, ga tashin dare, ga girki, ga wanki, ba abin mamaki ba ne ta ƙare. Bayan Azahar ku kwanta ku uku, ko Yaya ba ta yi barci ba ta san lokacin shiru ne. Amma ki saurare ni da kyau: in kukan nan kusan kullum ne har ya wuce mako biyu, abinci ba ya miki daɗi, barci ba ya zuwa ko yaron ya yi barci, kina jin ba ki da amfani, ko wani mugun tunani yana zo miki game da kanki ko yaran, to wannan ciwon damuwa ne da kan kama mata bayan haihuwa. Ba raunin imani ba ne, kuma yana da magani. Kada ki jira allurar ƙyanda ta wata 9 ta kai ki asibiti. Ki je inda kike kai shi rigakafi ki gaya wa nas abin da kika gaya mini, in da buƙata za su tura ki babban asibiti, ga asibitin koyarwa na jami'ar jihar, LASUTH, nan a Ikeja kusa da ku.

Kada kuma ki ɗauka wannan zaman na dindindin ne. Shekarar shiga aji ɗaya na firamare 6 ce, kuma dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ɗora wa uba ko mai riƙon yaro ya tabbatar yaron ya halarci firamare da ƙaramar sakandare ya kammala, shekara 9, ba kuɗin makaranta a na gwamnati. Don haka abin da ke gabanki 'yan watanni ne, ki shirya ta ta shiga aji tana haɗa baƙi, tana rubuta sunanta, tana ƙirga abu zuwa 20 da hannu, tana iya faɗin buƙatarta da Turanci. In makarantar kuɗi ta gagara, ta gwamnati ba abin kunya ba ce. Ajin yana iya cika, gaskiya ne, amma yarinyar da uwarta ke zama da ita minti 15 kullum ba ta ɓacewa a cikin taro. Da yawa daga firamaren da ke ƙarƙashin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar, LASUBEB, suna da ajin share fage ma, in kin ga jikinki ya kasa ko wannan kaɗan ɗin, ki kai ta tun yanzu ba tare da jin kin yi laifi ba.

Wannan ɓangaren aikin maigida ne, ki karanta masa. Malam, ka zaɓi rana guda ka makara zuwa kasuwa, ka taka da ƙafarka zuwa firamaren gwamnati biyu mafi kusa da gida, waɗanda za a iya kai ta ba sai an hau Keke ba. Ka ga shugaban makaranta, ka leƙa ajin da bayin, ka tambayi lokacin ɗaukar sababbin yara da takardun da suke nema, don a Satumba ake fara sabuwar shekarar karatu. Ka tanadi takardar haihuwarta ta Hukumar Ƙidaya da katin rigakafinta, in ba ka yi rajista da hukumar rajistar mazauna Legas, LASRRA, ba ka yi. Da dare kuma in ka shigo ka tarar ba ta yi barci ba, kafin ka ɗauki jaririn ka fara ce mata ta kawo kwalayenta ta karanta maka kalmar da ta haɗa yau.